Wace mota zan saya in dinga jan tirelar ɗaukar mota, ga kuɗin ba yawa?

Wani ƙanenmu da ke zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka ne ya turo wannan, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata shida a nan, da daddare ina aiki a wani sito, da rana kuma ina sayen motocin gwanjo ina tura wa yayana Kano yana gyarawa yana sayarwa. A wata nakan tura biyar zuwa shida, yawanci Camry, Corolla, Highlander, wani lokaci RX 350. Masu janwe sun ishe ni, kowace mota sai na biya dala 200 zuwa 350 kafin ta isa tashar jirgin ruwa, ga saɓa alkawari har kuɗin ajiya ya hau kaina a wurin gwanjon. Ina so in sayi tirelar ɗaukar mota ɗaya da motar da za ta dinga jan ta. Dala 12,000 ne a hannuna gaba ɗaya, 5,000 a ciki na yayana ne. Uwargida ta ce Highlander ko Sienna za a saya tunda Corollar da muke shiga ta yi mana kaɗan da yara uku, abokina kuma ya ce in ba dizal ba asara zan yi, har ya nuna min wata a-kori-kurar Ford F-250 ta 2005 mai araha. Na rasa maganar wa zan ɗauka."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa albarka a neman. Na ji daɗi da ka tambaya kuɗin suna hannunka tukuna, don yawancin masu zuwa min da irin wannan maganar sai sun riga sun saya, giya ta ƙone a hanya, sannan a kira ni ana neman bakanike.

Toh abu na farko, ka ajiye maganar wace mota tukuna. Kai da uwargida da abokinka duk kun fara daga mota ne, alhali daga kayan ake farawa. Me za ka ja, nawa ne nauyinsa? Ka ɗauko biro mu yi lissafi da ma'aunin da suke amfani da shi a nan, wato laba, abin da suke ce wa paun, biyu da ɗan ɗoriya ne kilo ɗaya. Tirelar ƙarfe ta ɗaukar mota ɗaya, mai tsawon ƙafa 16 zuwa 18 da tayoyi huɗu, ita kanta babu komai a kanta tana kai laba 2,000 zuwa 2,200. Corolla wajen 2,800 ce, Camry 3,200 zuwa 3,400, Highlander da RX 350 kuwa sun haura 4,000, wasu suna taɓa 4,400. Ka haɗa da winci da batirinsa da sarƙoƙi da igiyoyin ɗauri da jak da safayar taya, ranar da ka ɗora Highlander kana jan abin da ya kai 6,500 zuwa 6,800. Shi ya sa galibin waɗannan tirelolin za ka ga an rubuta musu 7,000 a jiki, gatari biyu ne kowanne yana ɗaukar 3,500. To 7,000 ɗin nan ita ce lambarka, tan uku da ɗoriya kenan, duk motar da ba a rubuta mata ta wuce wannan da rata mai kyau ba kar ma ka ɓata fetur ɗinka zuwa duba ta. Ni a wurina motar da aka ce tana jan 8,000 zuwa sama nake nema wa irin wannan aikin, don abin da kamfani ya rubuta na sabuwar mota ne da direba ɗaya a ciki, taka kuwa ta yi shekara goma sha tana wahala.

Da wannan lissafin maganar Highlander da Sienna ta faɗi da kanta. Highlander mai fulogi shida, in an yi mata shirin ja tun daga kamfani, iyakarta 5,000. Sienna 3,500. Kaga tirela da Corolla kaɗai sun cinye iyakar Highlander, ita kuwa Sienna rabin aikin kawai za ta iya. Ba wai ba za ta motsa ba fa, za ta motsa, har ka hau babban titi ka ce ai ga shi tana tafiya lafiya lau, nan ne mutane suke ruɗuwa. Ja ba shi ne wahalar ba, tsayawa ne, da kuma riƙe tirelar lokacin da babbar mota ta wuce ka iskarta ta buge ka.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ban taɓa mantawa ba. Shekarun baya farkon shigata wannan harkar, wata jif ce da ni mai fulogi shida, gajeriya, na ɗora mata tirela na ɗauko wata mota da gabanta ya ragargaje, saboda haka mai lodin ya ɗora min ita da baya, injin ya koma can ƙarshen tirelar, ni kuma ban san illar hakan ba. Ina gangarowa daga wata gada sai na ji bayan motar ya fara rawa, hagu dama hagu dama, kowane kaɗawa ya fi na baya ƙarfi, na duba madubi na ga tirelar tana neman shiga layin da ba nawa ba, ga mota cike da iyali a gefena. Wallahi Allah ne kawai Ya tsare, na ɗage ƙafa daga totur na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati har ta lafa. Da na tsaya a gefen titi ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Wata biyu bayan nan giyar jif ɗin ta ƙone a zafin watan Yuli, kuɗin gyaran ya kusa kuɗin motar. Tun daga ranar na daina yarda da "ai za ta iya".

Amma ka sani uwargida tana da gaskiya a abin da take nema. Yara uku da ku biyu a Corolla takura ce, kuma ba laifi ba ne mace ta ce in za a kashe kuɗi masu yawa haka a gidan nan to ya zama iyali ma sun amfana. Kar ka je mata da "Kawu ya ce ba ki san mota ba", a'a, ka zauna da ita ka nuna mata lambobin nan da na lissafa maka, ka ce mata buƙatarta tana nan, sunan motar ne kawai zai canza. Akwai motar da za ta ɗauke ku duka zuwa masallacin Juma'a da kasuwa, Litinin kuma ta ja tirela, yanzu zan zo kanta.

Shi kuma abokinka, ka yi masa godiya amma kar ka taɓa F-250 ɗin nan. Ta 2005 mai dizal injin 6.0 Power Stroke ne a cikinta, wanda Ford ta sa daga 2003 zuwa 2007, kuma duk bakaniken dizal a Amurka ya san halinsa: na'urar sanyaya baƙin mai tana toshewa, ta jawo ta sanyaya hayaƙi ta fashe, gasket ɗin kan injin ya biyo baya, ga injekta masu tsada. Akwai waɗanda suka kashe kuɗi suka gyara nasu gaba ɗaya suna jin daɗinsa, amma irin waɗannan ba a sayar da su da araha, wadda aka nuna maka da araha akwai dalilin arahar, araha ba ta ado. Gyara ɗaya a irin wannan injin zai iya cinye rabin jarinka, kuma rabin nan har da kuɗin yayanka. Dizal na wanda yake jan motoci uku a doguwar tirela kullum daga jiha zuwa jiha ne, kai mota ɗaya za ka ja, injin fetur mai fulogi takwas ya ishe ka har ya yi saura. Af, ka kula kuma in kuna waya da yayanka, mu a gida in an ce gas dizal ake nufi, a nan kuwa gas shi ne fetur, na ga mutane sun yi ta musu a kan wannan kowa yana nufin abu daban.

To me za ka saya? In ni ne a matsayinka, Chevrolet Suburban zan nema, ko 'yar'uwarta GMC Yukon XL, ta tsakanin 2009 zuwa 2014, mai injin 5.3. Dalilina, kujeru layi uku ne da ita, maganar uwargida ta biya. Doguwa ce, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 130 ne, ita 'yar'uwarta gajeriya, Chevrolet Tahoe, 116, kuma tsawon nan shi ne yake hana tirela juya ka yadda ta ga dama. Daga 2009 aka sa musu giya mai hawa shida, ta fi tsohuwar 4L60E mai hawa huɗu haƙuri da ja, ita tsohuwar in aka matsa mata da kaya ba mai sanyaya mai ba ta daɗewa. Sannan kayan gyaranta kamar ƙasa suke a Texas, kowane shagon kayan mota yana da su, kowane wurin da ake farfasa tsofaffin motoci akwai irinta biyar a kwance, kowane bakanike ya san cikinta.

Sai dai ga inda ake yaudarar mutane, kuma nan nake so ka buɗe kunne sosai. Suburban biyu shekara ɗaya, launi ɗaya, injin ɗaya, ɗaya tana jan wajen 8,000 ɗaya kuma ko 6,000 ba ta kai ba. Bambancin yana cikin gatarin baya da na'urorin sanyaya mai. Mai sayarwa zai ce maka "tana jan 8,000" don abin da ya gani a intanet kenan, ba lallai ƙarya yake ba, shi ma bai sani ba. Ka buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, akwai wata takarda manne a ciki cike da haruffa uku-uku. In ka ga GU4, lambar giyar gatarin baya 3.08 ce, na tsimin mai ne ba na ja ba, ka mayar da murfin ka yi sallama. GU6 shi ne 3.42, shi kake nema. GT4 kuwa 3.73 ne, in ka same shi a tsofaffin ma ya fi. Ka nemi Z82, alamar an yi mata kayan jan tirela daga kamfani, da K5L mai nuna an ƙara mata na'urorin sanyaya baƙin mai da man giya. Minti biyu zai ɗauke ka, kuma ya fi duk abin da mai motar zai faɗa maka da baki.

Tana da nata ciwon ita ma, ba zan ɓoye maka ba. Daga 2007 injin 5.3 ɗin ya zo da wani tsari da yake kashe fulogi huɗu in ana tafiya a miƙe don tsimin mai, to wannan tsarin yakan sa wasu su dinga shan baƙin mai, wasu kuma ƙarafan da ke ɗaga bawul su maƙale. Saboda haka ka ce wa mai ita kar ya tayar da ita kafin ka zo, kai za ka tayar da ita da sanyinta, ka sa hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi, in ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga saman injin da bai ɗauke ba bayan ɗan lokaci, ko shuɗin hayaƙi ya fito ta salansa, ka haƙura da ita akwai wata.

In ba ka samu Suburban mai kyau ba, akwai Ford Expedition, musamman doguwar da ake ce wa EL, in tana da kayan ja na kamfani tana kai wajen 9,000 kuma sau da yawa ta fi Suburban sauƙin kuɗi. Injin 5.4 ne da ita, shi kuma ba ya yafe wa wanda ya yi wasa da juyen baƙin mai, in ya yi zafi ka ji yana ƙara kamar na dizal a tsaye to wajen taimin ne, aiki ne mai tsada. Na 2005 zuwa 2008 kuma an san su da karyewar fulogi a cikin injin wajen cirewa. Nissan Armada da Titan masu injin 5.6 su ma suna da ƙarfin ja sosai kuma kasuwa ba ta ɗaga su, ka dai duba ko gatarin baya yana yoyon mai da ko bututun hayaƙin jikin injin ya tsage, na farko-farkon sun yi fama da waɗannan. Na san zuciyarka tana wajen Toyota, duk ɗan Arewa haka yake, kuma Tundra ko Sequoia mai injin 5.7 mota ce ta gaske, Tundra ta 2007 zuwa sama tana jan wajen 10,000. Matsalar kawai sunan ake saya, da kuɗin da ke hannunka wadda za ka samu ta riga ta ci mil kamar me. Tsofaffin masu injin 4.7 kuwa a bakin iyakarsu za ka dinga aiki kullum, ban so maka haka ba.

In kuma uwargida ta yarda da a-kori-kura mai ƙofa huɗu, wadda bayanta ke ɗaukar yara uku, to ƙofa ta ƙara buɗewa: F-150 ta 2011 zuwa 2014 mai injin 5.0, ko Silverado 1500. Wanda ma ya fi su duka a wurina in aiki zalla ake magana shi ne Silverado 2500HD mai injin fetur 6.0, irin farare marasa kwalliyar nan da kamfanonin gini da na gyaran famfo suke sayarwa in sun gama da su. Ba ta da wancan tsarin kashe fulogin, giyarta da birkinta da gatarinta duk na kaya ne, 7,000 a bayanta ba ta ma san an ɗora ba. Tana shan mai, tana da tauri a kan hanya in ba kaya, kujerunta roba ne, amma in ka san nan gaba za ka fara tura manyan jif irin GX 460 da ta haura 5,000, to ita ce, da tirela mai ɗaukar kusan 10,000, don GX ta fi ƙarfin tirelar 7,000 ɗin ma kanta.

Mai jan ƙafa huɗu ba dole ba ce a gare ka. Houston shimfiɗe take, ba dutse ba ƙanƙara, mai jan baya kaɗai ta fi araha, kayan lalacewa sun fi kaɗan a cikinta.

Akwai lamba ta biyu da kusan kowa yake mantawa. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ruwan ɗorawa da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. Tirela ba ja kawai ake yi ba, tana danna bayan motar, kuma ƙa'ida kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar, wato a 7,000 kana maganar laba 700 zuwa 1,000 da ɗoriya. In takardar ta ce 1,500, ka cire 900 na tirela, ka cire nauyinka, ka cire akwatin kayan aiki, kaga saura kaɗan. Shi ya sa nake roƙonka, ranar aiki ta aiki ce, kar ka ce bari in ɗebi su uwargida da yara mu je Dallas ɗauko mota mu yi yawon buɗe ido a hanya. Ka leƙa kuma ƙarƙashin bayan motar ka karanta abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ƙugiyar, da yawa za ka ga lamba biyu, ƙarama in an rataya tirela haka kawai, babba in an sa sandunan nan biyu masu raba nauyi su mayar da shi tayoyin gaba. A ƙananan a-kori-kura da jif ƙaramar lambar takan tsaya a 5,000 ko kusa da haka, saboda haka sandunan nan suna cikin kasafinka.

Birkin tirela kuma ba zaɓi ba ne, a Texas doka ce in nauyinta ya haura 4,500. Ka sayi mai birkin lantarki, in da hali a gatari biyun duka, ka tabbatar motar tana da soket mai baki bakwai ba mai huɗu ba, ka sa ɗan akwatin sarrafa birkin a kusa da gwiwarka in babu na kamfani. Ranar da tirela ta fara rawa, Allah Ya kiyaye, ba birkin mota ake takawa ba, ƙafa ake ɗagewa daga totur a miƙe sitiyari a matsa birkin tirelar da hannu, shi yake miƙar da ita. Kuma kullum injin motar da ka ɗora ya kasance a gaba, ko mai lodi yana sauri ka ce ya juya ta.

Wajen duba motar, ka zaro sandar man giya in tana da ita ka shinshina, ja ko ruwan hoda shi ne lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa an riga an dafa ta. Ka tuƙa ta a babban titi har ta yi zafi sosai, ka danna maɓallin jan kaya da aka rubuta wa Tow/Haul ka ji yadda take canza giya, ba zagayen unguwa na minti biyar ba. Ka kwanta ƙarƙashinta da tocila ka ƙwanƙwasa shasi, motar da ta zauna a Ohio ko Michigan ko New York gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ta daga ƙasa, har bututun birki. Taku matsalar a Houston kuma ruwa ne, ka san abin da guguwar Harvey ta yi a 2017, ka ɗaga kafet ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshen laka, kai da kake harkar gwanjo ba sai na koya maka wannan ba. Abin da zan ce dai, motar da za ka dogara da ita kar ka saye ta a gwanjon da ba a bari ka tuƙa, ka saya a hannun mai ita, takardar mallaka da sunansa, babu bashin banki a kanta, ka kai wa bakanikenka ya ɗaga ta ko da za ka biya shi dala 150. Mil 180,000 da rasiɗan juyen mai a hannu ya fi min mil 120,000 da ba wanda ya san tarihinsa.

Kuɗin kuma kar ka zuba su duka a mota, wannan shi ne kuskuren da ya fi kayar da mutane. Ni da zan raba 12,000 ɗin nan, mota ba za ta wuce 6,500 zuwa 7,000 ba, tirela ta hannu da winci wajen 3,000, sauran kuma ka riƙe su gam. Harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 cikin 100 ne, ga rajista, ga sandunan raba nauyi da igiyoyin ɗauri masu kyau guda huɗu, ga juyen man giya da na gatari da sabon birki da za ka yi tun kafin tafiyar farko. Tayoyin tirela ma ka duba shekarunsu ba zanensu ba, lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar satin da shekarar da aka ƙera ta ne, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in sun wuce shekara biyar ko shida ka canza ko da sabbi suke a ido, zafin titin Texas ba ya raga wa tsohuwar taya.

Sai maganar da nake jin ba ka yi tunaninta ba, kuma ta fi zaɓen motar ma muhimmanci. Inshorar da kake da ita ta hawa ce, ranar da wani abu ya faru suka gane kasuwanci kake da motar za su iya ƙin biya. Ka kira dillalin inshora ka faɗa masa gaskiyar abin da za ka yi, ka ji farashin tun kafin ka sayi komai. Sannan dokar tarayya ta ce in nauyin da aka rubuta wa mota da tirela a haɗe ya kai 10,001 kuma ana kasuwancin da ya tsallaka jiha ko ƙasa da su, sai an yi rajistar lambar USDOT, wato ta ma'aikatar sufuri ta tarayya. Suburban da tirelar 7,000 sun haura 14,000, kuma motocinka Legas ko Kwatano suka nufa, saboda haka ko ba ka fita daga Texas ba abin zai iya hawa kanka, ka bincika wannan da kyau. Lasisin manyan motoci dai ba ka buƙatarsa, shi sai an kai 26,001. In kuma ka fara ɗaukar wa 'yan'uwa nasu motocin suna biyanka, wanda na san za a roƙe ka tun satin farko, to ka shiga wani babin daban mai buƙatar izini da inshora mai nauyi, kar kunya ta sa ka fara abin da takardunka ba su kai ba. Shiga cikin tashar jirgin ruwa ta Galveston ko Freeport ma sai da katin shaidar shiga tasha da ake ce wa TWIC ko ɗan rakiya da ake biya, ka tambayi wakilin da yake maka lodin jirgi yadda suke yi.

Ka yi wannan lissafin ma tsakaninka da Allah. Mota shida a dala 275 wajen 1,650 kenan a wata kake ba masu janwe. Da kaya a baya galan ɗaya mil 9 zuwa 10 zai kai ka, Galveston mil 50 ne ba komai, amma Dallas zuwa da dawowa mil 480 ne, kusan galan 50, da yini guda cur, kai kuma da daddare kana sito. Barcin fa? Mutumin da ya kwana a tsaye bai kamata ya ja tan uku a babban titin I-45 ba. Na kusa da gari ka ɗauka da kanka, na nesa ka ci gaba da ba masu dogayen tireloli, sau da yawa sun fi maka araha ma tunda motoci da yawa suke haɗawa.

Kafin ka sayi tirela kuma, in motar ta zo hannu, ka yi hayar ta kamfanin ba da haya na U-Haul sau biyu ko uku. Nauyinta 2,210 ne, tana ɗaukar har 5,290, tana da birkinta mai kama kansa, su kuma suna ba da shawarar kar a wuce mil 55 a awa. Ka ɗora Camry ka bi ta ma'aunin CAT Scale a gidan man manyan motoci ka ga nauyin gaskiya a takarda, ka je filin da ba kowa ranar Lahadi ka koyi baya da ita, a nan za ka san ko aikin nan naka ne tun ba ka narka 3,000 ba.

Game da 5,000 ɗin yayanka, ka kira shi kafin ka biya ko sisi, ka faɗa masa motar da za a saya da dalili, ka faɗa masa iyalinka ma za su dinga shiga, ku yanke tun yanzu ko bashi ne ya ba ka ko hannun jari, in giya ta lalace wa zai biya, in an sayar yaya za a raba, ku rubuta ko a saƙon waya ne kowa ya ajiye. Na ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba don wani ya ci amana ba, kowa dai da abin da ya ɗauka a ransa ba a faɗa ba.

In ka samu guda biyu ko uku da suka kwanta maka, ka ɗauki hoton takardar cikin akwatin nan da ta jikin ƙofar direba da ta jikin ƙugiya ka turo min kafin ka ba da kafin alƙalami, zan duba maka in sha Allah. Ka gaida uwargida da yaran.